Firintar Sablimeshan Mai Faɗi: Daga Zaɓe Zuwa Gashin Farko

Kafin mu tambayi kuɗin kowace firinta, tef muka ɗauka muka auna yadin da za mu riƙa bugawa. Yadin jesi na foliyesta da ake saye a Kantin Kwari yawanci faɗinsa inci 58 zuwa 60 ne, wato wajen santimita 150. Wannan awon kaɗai ya fitar da injina da yawa daga lissafi. Mai inci 24 ta kofuna ce da huluna da ƙananan kaya. Mai inci 44 tana iya jesi ɓangare ɓangare, amma ba ta cika faɗin yadin ba, kullum sai an bar gefe fari. Wadda ta dace da bandir ɗin yadi ita ce mai mita 1.6, ko mai 1.8 ga wanda yake hangen tuta da labule da gyale.

Tawadar sablimeshan ba ta zama a saman yadi kamar fenti. Ana buga zanen a takarda ta musamman, a juye kamar an duba madubi, a haɗa fuskar takardar da yadin, a gasa su a zafin wajen digiri 200. A wannan zafin rinin da ya bushe a takarda yana komawa tururi kai tsaye ba tare da ya narke ba, zaren foliyesta ya saki jiki, tururin ya shige, idan ya huce ya kulle a ciki. Shi ya sa ba a jin tudun bugun a hannu, kuma ba ya ɓarewa. Auduga ba ta riƙe shi, wanki ɗaya biyu ya tafi. Yadin da aka gauraya foliyesta da auduga yana fitowa kamar wanda ya sha rana. Babu farar tawada kuma, farin yadin shi ne farin zanen, don haka baƙar jesi ma a kan farin yadi ake buga ta.

Ke nan firinta rabin aiki take yi. Launi a injin gashi yake fitowa, kuma a nan ne kuɗi da wuta suke tafiya. Iri biyu ne. Akwai mai faranti, wanda ake samun babba mai santimita 100 a 120, ana gasa gaban riga, a ɗaga, a sa bayanta. Akwai mai ganga, wanda takarda da yadi ke shiga tare suna zagaye ganga mai zafi cike da mai, bargo yana matse su. Mai faranti ya fi sauƙin kuɗi amma yana cin hannun mutum biyu. Mai ganga yana son wuta mai layi uku, kuma ko ƙaraminsa, mai gangar milimita 420 da faɗin mita 1.7, yana jan wajen kilowat 20 lokacin da yake ɗaukar zafi. Wanda bai tanadi wannan wutar ko janaretan da zai ɗauke ta ba, gara ya tsaya a mai faranti. Mu da mai faranti muka fara, sai da aikin tuta ya yawaita muka ƙara mai ganga.

Saurin mai ganga lissafi ne mai sauƙi. Kewayen gangar milimita 420 ya kai mita 1.3, bargon yana rufe kusan mita ɗaya daga ciki. Idan ana so yadi ya yi sakan 35 a jikin zafi, gudun ba zai wuce mita 1.6 zuwa 1.7 a minti ba, wato wajen mita 100 a awa. Wannan ya ninka abin da firinta mai hed biyu (hed shi ne kan da ke fesa tawada a takarda) za ta iya ba shi, shi ya sa ba ma kunna shi kullum. Muna tara bugun kwana biyu, a kunna sau ɗaya, domin ɗumama gangar kaɗai na cin kusan awa guda na wuta.

A wajen firintar kanta hanya biyu ce. Akwai na manyan kamfanonin Japan: Epson SureColor F6470 mai inci 44 da F9470 mai inci 64, Mimaki TS100-1600, Roland Texart, da na Mutoh. Waɗannan suna zuwa da tawadarsu da manhajarsu da saitin launi a shirye, kuɗinsu da na tawadarsu ya fi yawa, amma wahalar saiti kaɗan ce. Sai kuma waɗanda ake haɗawa a Chaina, a ɗora musu hed ɗin Epson da bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, irin su Hoson ko BYHX, su kuma suna shan tawadar kwalba ta kowane kamfani. A cikinsu hed ne abin dubawa, ba sunan da aka liƙa a jikin ƙarfen ba. XP600 yana da hudojin tawada 1,080, yana da araha amma bai dace da aikin yini guda ba. DX5 yana da 1,440, tsohon hannu ne. I3200 yana da 3,200, kuma kala uku ne: A1 na tawadar ruwa, E1 na tawadar bana (bana ta talla da ake bugawa a leda), U1 na tawadar UV mai bushewa da hasken fitila. Tawadar sablimeshan ta ruwa ce, don haka A1 ake nema, kuma a karanta lambar a jikin hed ɗin da ido, kada a tsaya ga abin da aka rubuta a rasit.

Mun ɗauki mai mita 1.8 da I3200-A1 guda biyu. Dalilin ba sauri ba ne. Tambayar da muka yi ta yi wa dillalai ita ce, idan damfa (ƙaramar ma'ajiyar tawada da ke saman hed) ko famfo ko hed ya mutu ranar Talata, yaushe sabo zai iso shago, kuma wa zai ɗaura shi? Kayan gyaran wannan nau'in suna wajen dillalai a Legas, akwai kuma masu gyara a Kano da suka saba da bod ɗinsa. A tambayi garanti dalla-dalla, domin sau da yawa hed ba ya ciki, alhali shi ne mafi tsada a jikin injin.

Wata dabara da ake yawan kawowa ita ce a sayi tsohuwar firintar bana a wanke ta a zuba mata tawadar sablimeshan. Ban ba da shawarar haka ba. Tawadar bana da ta ruwa idan suka haɗu dunƙulewa suke yi, kuma ragowar da ta laɓe a tiyo ko damfa ta isa ta toshe hed. In dai za a yi, sai an canza tiyo da damfa da tanki da famfo da murfin hed gaba ɗaya, kuma a lokacin an kusa biyan kuɗin sabuwa. Araha ba ta ado.

Ba mu yarda da samfurin da dillali ya ajiye a teburinsa ba. Mun je da fayil ɗinmu da yadinmu. A fayil ɗin akwai babban fili ja zalla, da kore irin na tutar Najeriya, da toka-toka mai tafiya daga haske zuwa duhu, da baƙi, da fuskar mutum, da ƙananan rubutu. Muka sa aka buga gwajin hudoji, wato ɗan bugun da ke nuna ko kowace huda ta hed tana fitar da tawada, sannan aka buga mita 10 a jere ba tsayawa a saitin da za mu riƙa aiki da shi, aka sake gwajin hudoji. Mita ɗaya kowane inji yana yin kyau. Wanda tawada ba ta isa hed ɗinsa da sauri, sai a mita na biyar ko na shida ja zai fara yin zane-zane. Mun kuma riƙe agogon waya, domin saurin da ke takardar talla na mafi ƙarancin fas ne (fas shi ne sau nawa hed ke bi ta wuri ɗaya), wanda ba a sayar da bugunsa. Aikin jesi a fas 4 muke yi, tutar da za a gani daga nesa a fas 2 ko 3.

Ɗaki ya riga inji shiri. Firinta tana son zafi tsakanin digiri 20 da 25, da laimar iska kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A Kano bazara na haura digiri 40, hunturu kuma laima na faɗuwa ƙasa da kashi 20, ga ƙura. Don haka muka yanke mata ɗaki nata, rufaffe, da na'urar sanyaya ɗaki, da ƙaramin ma'aunin laima a bango, da injin fesa tururin ruwa na lokacin hunturu. Injin gashi yana wani ɗakin da fankar zuƙe hayaƙi, saboda zafinsa da hayaƙin da ke tashi daga takarda ba su da kyau ga firinta, balle ga ƙirjin ma'aikaci. Ƙafafun firintar an daidaita su da ma'aunin magina, domin ɗan karkata kaɗan yana sa takarda ta riƙa gudu gefe bayan mita 30 ko 40, ta yamutse a bakin rola.

Wuta kashi biyu muka yi mata. Bod da kwamfuta suna kan UPS, irin wanda ke tace wuta koyaushe, ba mai jiran a ɗauke ba. Hitar busar da takarda ta fi firintar kanta jan wuta, ita tana kan sitabilaiza da soket nata daban. Amfanin UPS ɗin shi ne idan aka ɗauke wuta a tsakiyar bugu a samu minti biyu a mayar da hed kan murfinsa, don hed da aka bari a buɗe cikin iskar hunturu ba ya daɗewa bai bushe ba. An kuma kafa sandar tagulla a ƙasa aka ja waya zuwa jikin injin. Wannan wayar ita ke zubar da wutar da takarda ke tarawa idan tana warwarewa, wadda ke karkatar da ɗigon tawada, wani lokaci ta taɓa bod.

Ranar kafawa, bayan an cika tankuna an ja tawada zuwa damfa, mun bar injin ya kwana kafin a fara saiti, don kumfar iska ta kwanta. Washegari aka bi saiti huɗu a jere. Da farko miƙewar hed, sai daidaita tafiya da dawowa don layin tsaye ya faɗa wuri ɗaya, sai daidaita hed na ɗaya da na biyu, sai takun takarda. Wannan na ƙarshen yana da alamar da ba ta ɓuya. Fararen layuka a tsakanin fas na nufin takarda tana wuce gona da iri, layuka masu duhu na nufin ba ta kai ba. Tsayin hed daga takarda wajen milimita 2 muka bari. Duk ranar da aka taɓa tsayin, dole a sake saitin tafiya da dawowa, haka kuma duk ranar da aka canza nauyin takarda a sake duba taku.

Launi ne ya fi cin lokaci, kuma a nan ne masu farawa suka fi ruɗewa, domin bugun a takarda kullum dusu-dusu yake, baƙi kamar ruwan ƙasa, shuɗi kamar ya mutu. Ba a yanke hukunci sai an gasa. Manhajar da ke tura aiki zuwa firinta, ko Maintop ce ko RIIN ko Wasatch ko Ergosoft, tana buƙatar furofayil na launi, wato fayil ɗin saitin da ke gaya mata yadda za ta haɗa tawada, kuma furofayil na haɗin abu huɗu ne: wannan tawadar, wannan takardar, wannan yadin, wannan zafin. Aka canza ɗaya, launi ya motsa. Matakin farko shi ne iyakar tawada. Mun buga kowane launi daga kashi 5 zuwa 100, ana ƙara biyar biyar, muka gasa a yadi, muka duba inda launin ya daina ƙara ƙarfi. Duk abin da ke sama da nan ɓarna ce, tana jiƙa takarda kawai. Wanda ke da na'urar auna launi irin X-Rite i1 zai auna a kan yadin da aka gasa, ba a takarda ba. Wanda ba shi da ita akwai hanyar talaka, kuma tana aiki: a buga allon launuka ɗari biyu ko uku, kowane da lambobinsa a ƙasa, a gasa a yadin da ake aiki da shi, a rataye a shago. Mai kulob ya nuna jan da yake so a jikin yadi, ba a fuskar wayarsa ba.

Takarda gwargwadon aiki ce. Mai nauyin giram 100 a murabba'in mita tana ɗaukar tawada mai yawa ba ta yamutse ba, ita muke sa wa jesi mai duhu. Mai giram 70 ta isa yawancin aiki. Mai 45 zuwa 50 ta injin ganga ce da zane mara nauyi, ta fi araha kuma rol ɗinta ya fi tsawo, amma tana son a rage tawada sosai. Akwai mai danƙo, wadda ke manne wa yadi idan ta ji zafi, ita ce maganin yadi mai talewa a injin faranti. Rol yana zama cikin ledarsa, kuma a shigo da shi ɗakin firinta kwana ɗaya kafin a ɗora.

Ga lissafin da muke sa farashi da shi. Gaban jesin babba da bayanta kowane wajen santimita 60 a 80 ne, suna jeruwa gefe da gefe a takarda mai faɗin 160, hannuwa su shiga ragowar. Riga ɗaya na cin wajen santimita 85 na tsawon rol, don haka rol mai mita 100 na ba da riga 105 zuwa 115 bayan an cire ɓarna. Tawada a zanen da ya cika fili tana kai mililita 10 zuwa 15 a kowace murabba'in mita. A ƙara da wadda wankin hed ke zubarwa, wadda kwalbar datti ce kaɗai ke faɗin gaskiyarta a ƙarshen wata.

Yadi yana tsukewa a zafi, kuma tela ne zai fara gani. Kowane sabon bandir muna zana murabba'i mai santimita 100, mu gasa, mu sake aunawa. Idan ya dawo 97.5, ana ƙara girman zanen zuwa kashi 102.6, kuma tsawo da faɗi ba lallai su tsuke daidai ba. A injin faranti muna fara gasa yadin shi kaɗai na sakan 5 zuwa 10, ya tsuke, laimarsa ta fita. Kowane ɓangaren riga ana bar masa santimita ɗaya na ƙarin launi a gefe saboda almakashi da ɗinki.

A faranti muna farawa daga digiri 200 da sakan 45, a ganga daga 205 zuwa 210 da sakan 30 zuwa 35, sannan a gyara bisa abin da yadin ya nuna. Lambar da ke allon injin ba ita ce zafin da ke taɓa yadi ba. Mun auna kusurwa huɗu da tsakiya da takardar gwajin zafi, domin bindigar auna zafi tana ƙarya a kan ƙarfe mai sheƙi. Baƙi shi ne mai ba da labari: idan ya yi kore-kore bai gasu ba, idan ya koma ruwan ƙasa kuma farin yadin ya fara rawaya, an wuce. Takardar kariya, wadda ake sawa tsakanin yadi da bargo, dole ta fi takardar bugu faɗi, in ba haka ba rini ya shiga bargo ya riƙa fitowa a bayan kowane farin yadi da ya biyo.

Idan aiki ya ɓaci, tambayar farko ɗaya ce: aibin yana jikin takarda, ko sai a yadi ya bayyana? Shi ya sa ba ma zubar da takardar da aka gasa sai an duba kaya. Inuwa a gefen rubutu, kamar an buga sau biyu, in babu ita a takarda, to takardar ce ta motsa lokacin da aka ɗaga faranti tana da zafi. Maganinta salatif mai jure zafi, ko takarda mai danƙo, da ɗagawa a hankali a zare takardar gaba ɗaya. Dabbare-dabbare kamar an ɗiga ruwa laima ce, aikin damina ke nan. Ƙananan ɗigo shuɗi ko ja a farin wuri ƙura ce da gashin yadi, a bi yadin da rolar cire gashi kafin a gasa. Gefe ɗaya ya fi ɗaya haske, matsi ne ko hita ɗaya ta mutu.

Wanda ke jikin takarda kuwa na firinta ne. Kowace safiya kafin komai ana buga gwajin hudoji, a rubuta kwanan wata a ajiye. Idan gurbin da ya ɓace yana wuri ɗaya kullum, toshewa ce. Idan yau yana nan gobe yana can, iska ce ta shiga, a duba damfa da mahaɗar tiyo. Launi guda ya ɗauke baki ɗaya a tsakiyar bugu, yawanci damfa ce. Ba ma wuce wanki biyu ko uku a jere, don yawan zuƙa yana ƙara kumfa, gara a bar shi ya huta rabin awa. Sau da yawa ma laifin ba na hed ba ne, murfinsa ne ya daina kamawa. Gwajinsa shi ne a cika shi da ruwan wanki a kunna famfo, in ruwan bai zuƙe nan take ba, ko robar bakin ta taurare, a canza. Waifa, wato robar da ke share fuskar hed, da gefen murfi ana goge su kowace yamma da ruwan wankin tawadar ruwa, ba na bana ba, kuma ba da tishu mai barin gashi ba.

Zirin enkoda, wato siririyar ledar nan mai layuka da ke bayan keken hed, ita ke gaya wa injin inda yake. Ƙurar hunturu ko feshin tawada ya hau ta, sai hoto ya riƙa gocewa kamar matakala, ko keken ya bugi gefe. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa ya isa, sau ɗaya a mako. Da damina kuma takarda ke kumbura ta yi tudu, hed ya goge ta. Da an ji wannan ƙarar a tsayar, a ƙara ƙarfin iskar da ke riƙe takarda, a rage tawada ko a koma takarda mai nauyi, domin gogar da ta yi yawa tana kashe hudoji har abada. Wayar hed kuwa ba a cire ta ko a mayar sai an kashe wuta an zare fulogi an jira mintuna, kuma a tabbata babu ɗigon tawada a bakinta, don digo ɗaya na iya ƙona hed da bod tare.

Ba ma haɗa tawadar kamfani biyu a tanki ɗaya ko da launinsu ɗaya ne, kuma ba ma sayen wadda za ta wuce wata shida a ajiye. Hutun Sallah, mutum ɗaya yana zuwa kullum ya buga gwajin hudoji da ɗan zirin launuka huɗu. In rufewar za ta wuce mako biyu, ana fitar da tawadar a cika layin da ruwan ajiya.

Injin ganga shi ne na ƙarshen kashewa. Ana kashe hita amma a bar bargon yana juyawa har zafi ya sauka ƙasa da digiri 80, abin da ke ɗaukar fiye da awa guda. Bargon da ya tsaya a jikin ganga mai digiri 200 yana ƙonewa a wuri ɗaya, kuma wannan tabon zai riƙa fitowa a kowane zagaye. Saboda ɗaukewar wuta, hannun juya gangar yana rataye a jikin injin, kuma duk ma'aikacin da ke ɗakin an nuna masa ramin da ake zura shi tun ranar da ya fara aiki.